A Wane Ɓangaren Gidan Yari Za A Ajiye Mai Sauya Jinsi?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai tambayar da ta tsaya mini a rai tun shari'ar Bobrisky. A watan Afrilun 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ɗaure Idris Okuneye, wato Bobrisky, wanda ya yi suna da shigar mata a kafafen sada zumunta, wata 6 ba zaɓin tara saboda liƙin naira, hukumar gidajen gyaran hali kuma ta kai shi ɓangaren maza. Wannan bai ba ni mamaki ba, tunda shi da bakinsa ya ce wa mai shari'a namiji ne. Amma ku ajiye Bobrisky gefe. Mutum ya sha magunguna har ƙirji ya fito masa, tafiyarsa da muryarsa duk sun koma na mata, sai ya yi laifi. Idan aka tura shi ɗakin maza aka kulle, me zai same shi da daddare? Idan kuma aka kai shi wurin mata, su matan da ke ciki fa, wa ya tambaye su?

Abu Ammar: Wa alaikumus salam. Hajiya, ni ban ga abin muhawara ba. Wanda Allah ya halitta namiji, namiji ne ko da likitocin duniya sun taru a kansa. A kai shi wurin maza. Abin da ya same shi a can kuwa, shi ya jawo wa kansa. Wannan duk rigimar Turawa ce ake son a ɗora mana.

Tsohon Gandiroba: Malam Abu Ammar, farkon maganarka na yarda da ita, ƙarshenta ne ban yarda ba, domin aikin nan na yi har na yi ritaya. Ba rigimar Turawa ba ce. Tun kafin a haifi Bobrisky ake kawo mana 'yan daudu. 'Yan sanda su kamo su a gidan biki ko a tasha, kotu ta ce a tsare su, mota ta sauke mana su da yamma, wani ma da sauran lalle a hannu.

Bari in gaya muku yadda dare yake a ciki. Da la'asar ake ƙirga mutane a kulle ɗakuna. Ɗakin da aka gina domin mutum 20 sai ka samu 60 ko fiye, kwanciya a gefe ɗaya, wanda ya tashi fitsari ya rasa wurinsa. Ma'aikacin dare yana waje, ba ya ganin ciki, kuma ba ya buɗe ƙofa shi kaɗai. Daga nan zuwa safiya mulki na shugaban ɗaki ne da yaransa. To yaro ya shigo yana rangwaɗa, ba shi da kowa, ba mai kawo masa abinci daga gida sai gabza. Kafin kwana biyu wani babba ya ce "wannan yarona ne". Zai yi masa wanki da shara da tausa, sauran kuma ba sai na faɗa ba. Ba zai kawo ƙara ba, don ya san a ɗakin zai sake kwana. Sai dai ka ga ya daina cin abinci, ko ya zo wurin ma'aikacin lafiya yana tafiya da ƙyar ya ce basir ne.

Alƙali ya ce wata 3 ko wata 6. Bai ce a haɗa masa da fyaɗe ba.

Abu Ammar: Baba, ni ma ban ce a yi masa fyaɗe ba, Allah ya kiyaye. Luwaɗi ai ya fi abin da ya kawo shi muni. Cewa nake kada a mayar da shi ɗan gata.

Barista Hadiza: Ai gatan ne ainihin labarin Bobrisky, kuma kuɗi ne suka saye shi, ba doka ba. Bayan ya fito a watan Agustan 2024, wani ɗan kafafen sada zumunta da ake kira VeryDarkMan ya saki wata murya da ke cewa a wani gida ya yi zamansa, ba a kurkuku ba. Ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya kafa kwamiti, aka dakatar da wasu manyan jami'an gidan yarin Kirikiri da ke Legas. A watan Oktoba kwamitin ya ce bai samu hujjar cewa ya kwana a waje ba, amma ya tabbatar an ba shi ɗaki shi kaɗai da kayan ɗaki, da firji da talabijin, ana kawo masa abincinsa, baƙi suna zuwa yadda yake so, har da fursunonin da ke yi masa aike. Mutane suka yi ta fushi a kan firji. Ni abin da na gani daban ne: jami'an sun san sarai ba za su iya sa shi a babban ɗaki ba. Sun gane haɗarin. To ɗan daudun da ke soya kaza a tasha, wanda haɗarinsa iri ɗaya ne, wa zai ba shi ɗaki?

Kuma dokarmu ce ke kawo su. Sashe na 405 na kundin Penal Code na Arewa ya lissafa namijin da ke shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan zaman banza. Wato muna da dokar kama su, amma ba mu zauna mun tsara inda za a kwantar da su ba.

Tsohon Gandiroba: Barista ta faɗi gaskiya. Ni dai a iya aikina ban taɓa riƙe takardar da ta ce ga yadda za a yi da irinsu ba. Hankalin mai gidan ne kawai. Idan mai tsoron Allah ne, sai ya sa shi ɗakin dattawa, ko kusa da wurin shan magani, ko ya kira shugaban ɗaki ya ja masa kunne. Idan aka canza mai gida, shi ke nan, an koma gidan jiya.

Hajiya Binta: Ni bari in yi magana a madadin matan da ke ciki, don muna kai musu ziyara da sabulu da audugar mata. Matan gidan yari a Najeriya ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. In ka cire irin gidan mata na Kirikiri da na Ondo, galibi wani ɗan lungu ne ake yankewa a cikin gidan maza. Ɗaki ɗaya ko biyu, wurin wanka ɗaya, wasu da ciki, wasu da goyo. Da yawansu namiji ne sanadin zuwansu: wadda aka yi wa auren dole, wadda miji ya dinga duka har abin ya kai ga tsautsayi. Ba su da inda za su gudu. A ce za a shigo musu da mai jikin namiji don ya ce shi mace ce, wallahi ban yarda ba, ko da mutumin kirki ne. Mace ba za ta iya cire zaninta ta yi wanka ba. Wannan kaɗai ya isa.

Yakubu Glasgow: Hajiya, abin da kike tsoro ya faru a nan inda nake. A watan Janairun 2023 kotu a Glasgow ta samu Isla Bryson da laifin yi wa mata biyu fyaɗe, ɗaya a 2016 ɗaya a 2019, lokacin yana amsa sunan Adam Graham. Sai bayan an tuhume shi ya fara sauya jinsi. Aka kai shi Cornton Vale, gidan yarin mata. An ce a keɓe yake, bai haɗu da sauran ba, amma ƙasar ta ɗauki zafi, cikin kwanaki aka mayar da shi gidan maza, daga baya aka ɗaure shi shekara 8. Nicola Sturgeon, wadda ke shugabantar gwamnatin Scotland a lokacin, ta sha tambayoyin 'yan jarida a kan ko namiji ne ko mace, ta kasa ba da amsa kai tsaye. A Ingila kuma akwai Karen White, wanda aka tsare a gidan mata na New Hall a 2017 alhali yana da tarihin laifin lalata, ya ci zarafin fursunoni mata biyu, aka yi masa ɗaurin rai da rai a 2018. Wannan kam an ba kura ajiyar nama.

Shi ya sa tun Fabrairun 2023 Ingila ta ce wanda yake da al'aurar namiji, ko aka same shi da laifin lalata ko na duka da kisa, ba za a kai shi gidan mata ba sai da izini na musamman daga sama. A watan Afrilun 2025 kuma Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa mace a dokar daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace.

Amma kada in ba ku rabin labari. A watan Nuwamban 2015 an tsinci gawar Vicky Thompson, mai sauya jinsi 'yar shekara 21, a gidan yarin maza na Leeds, bayan lauya ya roƙi a kai ta gidan mata ba a yi ba. A cikin watan aka sake samun gawar wata mai sauya jinsi a gidan maza na Woodhill. Waɗannan mace-macen ne suka sa aka sassauta dokar tun farko, sassaucin kuma ya buɗe wa Karen White ƙofa. Kowane ɓangare yana da wanda yake yi wa kuka.

Abu Ammar: Ka gani ko? Su da suka ƙirƙiro abin sun dawo kan maganata.

Anti Rabi Baltimore: Sun dawo kan rabinta, Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Amurka, kuma a nan shari'ar da ta kafa tushe ta wani mai sauya jinsi ce, Dee Farmer. A 1989 aka kai Farmer gidan yarin maza na Terre Haute a jihar Indiana, cikin mako biyu aka yi duka da fyaɗe. A 1994 Kotun Ƙoli ta ce jami'in da ya san fursuna na cikin babban haɗari kuma ya kau da kai, ya taka tsarin mulki. Yau duk wani fursuna a Amurka, ko wane iri ne, da wannan hukuncin yake kai ƙara idan an bar shi a hannun mugaye. A 2003 aka yi dokar yaƙi da fyaɗe a gidajen yari. Wani bincike da Jami'ar California ta Irvine ta fitar a 2007 ya samu kashi 59 cikin 100 na masu sauya jinsi da aka tambaya a gidajen maza sun ce an ci zarafinsu, alhali a sauran fursunoni abin bai kai kashi 5 ba.

California ta fara barin fursuna ya nemi ɓangaren da yake so daga 2021. A New Jersey kuma a 2022 mata biyu suka ɗauki ciki a gidan Edna Mahan daga wani mai sauya jinsi da aka ajiye tare da su, aka ɗauke shi daga nan. Ranar 20 ga Janairun 2025 Trump ya sa hannu a umarnin da ya hana ajiye irinsu a gidajen mata na tarayya, alƙalai kuma suka dakatar da mayar da wasu da suka kai ƙara. Ko'ina ana ta ja.

Maman Khalifa: To ai da sauƙi kenan. Ba maza ba, ba mata ba, a kulle shi shi kaɗai.

Anti Rabi Baltimore: Yaya, kaɗaici ma yana kisa. Layleen Polanco, wata mai sauya jinsi, ta rasu a watan Yunin 2019 a ɗakin kaɗaici na gidan yarin Rikers a New York. Tana da farfaɗiya, ciwon ya tashi ba kowa a kusa. Belin dala 500 ne ya gagare ta. Birnin ya biya iyalanta dala miliyan 5.9.

Barista Hadiza: Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Mandela, sun taɓo wannan. Ta 11 ta ce a raba maza da mata. Ta 44 ta ce kulle mutum awa 22 ko fiye a rana ba tare da mu'amala da mutane ba shi ne kaɗaici, idan ya wuce kwana 15 a jere kuma ta 43 ta haramta shi. Saboda haka keɓewa domin kariya daban, ɗakin horo daban. Ana iya kwantar da mutum a ƙaramin ɗaki da dare, da rana ya fita sallah da aiki da shan iska a gaban ma'aikaci.

Malam Habibu: Salamu alaikum. Na karanta duka. Ina so mu raba abubuwa, don fiƙihu ya raba su tun da daɗewa. Akwai mata-maza, wanda aka haifa da halittar da ba ta fito sarai ba. Wannan ba shi da laifin komai, jarrabawa ce daga Allah. Malamanmu ba su yi masa dariya ba, zama suka yi suka tsara masa hukunci: a duba ta inda yake fitsari, a jira balaga a ga gemu ko nono ko haila. Duk wanda ya sauke Mukhtasar a zaure ya san da mas'alarsa Shehu Khalil ya rufe littafin. Idan an kasa ganewa, a gado a ba shi rabin kason namiji da rabin na mace, a sallah kuma sahunsa yana bayan maza da yara, gaban mata. Ku lura, wuri na uku aka ba shi, ba a cusa shi cikin waɗannan ko waɗancan ba.

Sai namijin da ke kwaikwayon mata da gangan. Wannan haramun ne, ba na kwana-kwana a kai. Hajiya Binta kuma tana da hujja: a Bukhari da Muslim, akwai irinsu da ke shiga gidan Ummu Salama, da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ji yana siffanta jikin wata mace 'yar Ɗa'ifa, sai ya hana a bar su suna shiga wurin mata. Amma Malam Abu Ammar, kalmar "shi ya jawo wa kansa" ita ce nake roƙonka ka janye. A Abu Dawuda an kawo wani da ya yi lalle hannu da ƙafa, Annabi ya sa aka fitar da shi zuwa Naƙi'u, wani wuri a wajen Madina, da aka ce a kashe shi ya ce an hana shi kashe masu sallah. Kuma mun san matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wanda hukuma ta kulle ya zama amana a wuyanta, domin ta ƙwace masa ikon gudu da ikon kare kansa. Zunubinsa tsakaninsa da Ubangijinsa da alƙali ne. Abin da aka yi masa a ɗaki kuwa, mai riƙe da makulli za a tambaya.

Abu Ammar: Allah ya gafarta Malam, na janye wannan kalmar. Amma ina nan a kan cewa idan aka ware musu ɗaki mai sarari, an ba su lada kenan. Gobe ƙato zai fara karairaya a bakin ƙofa don ya tsira daga cunkoso.

Tsohon Gandiroba: Wannan tsoron naka gaskiya ne, za a samu masu yi. Fursuna yana iya ƙirƙiro tari don a kai shi wurin shan magani. Amma a gidan yarin Arewa, namiji ya yarda a sa masa wannan sunan, ya bi shi har unguwarsu bayan ya fito, ba kowa zai saya da wurin kwanciya ba. Kuma ba sai an ce ɗakin 'yan daudu ba. A ce ɗakin masu rauni: yaro ɗan shekara 18 mai ƙaramin jiki, mai taɓin hankali, tsoho, makaho, da irin waɗannan da muke magana. Duk abincin manyan ɗaki ne.

Dakta Sa'adatu: Ina goyon bayan Baba, kuma ina ƙara jaddada mata-maza, don su ne aka fi zalunta. A Kenya an tsare Richard Muasya, wanda aka haifa haka, a gidan maza na Kamiti, ana tuɓe shi a gaban mutane ana kallo. A 2010 babbar kotu ta ƙi amincewa da jinsi na uku, amma ta ce an wulaƙanta shi, ta ba shi diyyar shilin 500,000. Dokarsu ta 2014 kan mutanen da ke tsare ta ambaci mata-maza da suna. Mu ma muna ganinsu a asibiti, iyaye na ɓoyewa. Ranar da aka kawo mutum, ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya duba shi a bayan labule, ya rubuta, ba a tuɓe shi a tsakar gida ba. Sannan fyaɗen da ake yi a ciki ba ya tsayawa a ciki. Ƙanjamau da ciwon hanta suna fita tare da wanda aka sallama, su isa ga matarsa da ba ta san hawa ba balle sauka.

Barista Hadiza: Akwai wani tarko da ya sa ba za mu kwafo tsarin Ingila ko Amurka ba. A can tambayar fursuna ake yi, ya faɗi abin da yake. A nan, da dokar hana auren jinsi da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14, ga kuma dokokin shari'a a jihohi 12, wa zai buɗe baki ya gaya wa mai kaki wani abu game da kansa? Har wanda aka yi wa fyaɗe yana tsoron kada a juya maganar ta zama tuhumar luwaɗi a kansa. Dole tambayar ta zama "kana tsoron wani zai cutar da kai?", kuma amsar ta tsaya a fayil ɗin lafiya, kada ta je hannun mai gabatar da ƙara.

Batun wuri kuma, gidajenmu an gina su domin mutum dubu 50 da 'yan kai, yanzu suna ɗauke da kusan 80,000, kusan kashi 2 cikin 3 jiran shari'a suke yi. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 da Buhari ya sa wa hannu ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma, har ta ba hukumar ikon ƙin karɓar sababbin mutane idan gida ya cika. Laifin liƙi ma dokar Babban Banki ta 2007 ta ba da zaɓin tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba. Da ana amfani da waɗannan, da ɗakin da Baba yake nema ya samu.

Hajiya Binta: In dai an bar ɓangaren mata ga mata, ni ba ni da ja. Amma wa zai caje mai ƙirjin mata da al'aurar maza? Ma'aikaciya ba za ta yarda ba, kuma bai kamata a tilasta mata ba.

Tsohon Gandiroba: Namiji zai caje shi, Hajiya, amma a ɗaki, da babban jami'i da ma'aikacin lafiya a tsaye, a rubuta sunan wanda ya yi cajin. Haka muka yi wa wani da aka taɓa kawo mana, kuma ba a samu matsala ba. Inda na fi jin tsoro ma ba wurinmu ba ne, bayan kanta ne a ofishin 'yan sanda. Mu aƙalla muna da rajista da ɗakuna fiye da ɗaya. A can sau da yawa sel ɗaya ne na maza, a kama mutum daren Juma'a, ba kotu sai Litinin, yana tare da 'yan fashi da 'yan daba. Da yawa daga cikin waɗanda aka kawo mana, an riga an yi musu ɓarnar kafin su iso ƙofarmu. In za a rubuta ƙa'ida, Barista, a sa 'yan sanda da Hisbah a ciki.